Gudajin da Rumasa'u Ta Fasa

Ku yaran yanzu, tambaya ta zame muku abin kunya. Sai kun lalata abu sannan ku ce mene ne wannan.

Wata rana aka bar wata ɗaliba, Rumasa'u, ita kaɗai a ɗakin bincike na wata jami'a. Malamarta, Dakta Uwani, za ta tafi taro na kwana uku. Ta ce mata, "Ki riƙa sauya wa ƙwayoyin nan ruwa. Shi ke nan aikinki."

Ƙwayoyin jiki ne ake reno a faranti, irin waɗanda kan rikiɗa su zama ƙashi ko guringuntsi. Daga ɓargon wani tsohon direba, Malam Ɗanjuma, aka zuƙo su da allura a ƙugu. Ya sha wuya, ya ce shi da allurar nan har abada.

Rumasa'u ta leƙa madubin da ke ƙara girman abu.

Ƙwayoyin sun dunƙule, dunƙule-dunƙule, kamar gudaji a kunu.

Ita kuwa tun tana ƙarama ta san gudaji aibi ne, an sha ranƙwashinta a kansa. Ta ce a ranta, a hannuna suka lalace, ni za a ɗora wa.

Waya na cikin jakarta. Ba ta kira ba.

Ta ɗauki ɗan bututun zuƙa ta shiga damawa, faranti bayan faranti, har komai ya baje sumul.

Ran da Dakta ta dawo, ta leƙa madubin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Rumasa'u na tsaye a gefenta.

"Ina dunƙulen?"

"Na gyara su, Dakta. Gudaji suka yi."

"Gudajin nake reno, 'yar nan. In suna manne da juna suna riƙe ƙarfinsu. In aka baje su sai su gaji, su tsufa da wuri. Abin da na shekara ina son in gwada ke nan. Waɗannan ne na ƙarshe."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi sauƙi.

Darasi: Ba duk abin da bai yi maka kyau a ido ba ne ya lalace. In ba kai ka dasa ba, tambayi wanda ya dasa kafin ka sa hannu.

Iyaye, ku tura wa 'ya'yanku, musamman masu ganin sun gama sani.

Ita dai Rumasa'u ta maimaita shekara. Kuma ita aka tura gidan Malam Ɗanjuma, ta durƙusa ta faɗa masa ɓarnar da ta yi da bakinta.

Ya yarda ya sake kwanciya a zuƙi ɓargonsa. Sharaɗinsa ɗaya: ta tsaya a wurin, ido buɗe, har a zare allurar.