Yadda Agogon Tauraron Ɗan'adam Ya Sa Mota Ta Bar Ni

Laifina ne, na yarda. Bayanan da nake saukewa daga tauraron ɗan'adam agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Don kada lissafi ya rikice mini sai na mayar da wayata irin lokacinsu, na manta ban gyara ba. Ranar gasar kimiyya a Abuja na farka ina taƙama ƙarfe huɗu da rabi ne, ashe biyar da rabi ta yi.

Narayi, 6:05

Na isa makaranta da gudun da ko ɗan acaɓa ba zai kamo ni ba. Motarmu ta tafi. Na kira Malam Dauda, malamin kimiyya.

"Bitrus, koma gida. Dama aikin nan naka ya fi ƙarfin kanka. Sha biyu ake rufe rajista."

"Malam, a ajiye mini kujera."

Wata huɗu ina wannan aiki. Na koma gida na faɗa wa Mama. Ta dube ni, ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗin mota, ta ce in na ɓata kada in ce ita ta haife ni.

Gonin Gora, 7:20

Na sami wata ƙaramar mota da ta girmi kakana. Mu huɗu a baya, har da wata Madam mai buhun citta. Ta ga na rungume kwamfuta, ta tambayi abin da ke ciki. Na ce ina sa ido ne a kan sama.

"Sama ta Ubangiji? Kai, yaran yanzu."

"A'a Madam, ƙasa da nan kaɗan. Ayonosifiya ake ce mata."

Na yi mata bayani: wani sashe ne can saman gajimare, saƙon tauraro sai ya ratsa shi kafin ya iso wayarta. Bayan faɗuwar rana yakan rikice, sai taswirar waya ta ce kana cikin kogi alhali kana bakin titi. Manhajata ce ke zana rikicin.

Direba ya ce, "Ashe ba matata ce kaɗai ke rikicewa da yamma ba."

Kateri, 8:50

A shinge soja ya sa na buɗe kwamfutar. Ya daɗe yana kallon zanen ja da shuɗi.

"Wane ne ba shi da lafiya?"

"Sama ce, Oga."

Ya ce in yi mata sannu.

Zuba, 11:10

Taya ta fashe bayan Jere, ta cinye mana minti arba'in. Madam ta tsayar mini da tasi da kanta, ta gargaɗi direban kamar ɗanta zai ɗauka. Saura minti shida na rubuta sunana. Malam Dauda ya gan ni, ya cire tabarau, ya mayar.

Alƙalai uku suka yi mini tambayoyi biyar, na amsa huɗu. Kofi wata makarantar Jos ta ɗauka, ni na zo na shida. Na dawo a motar makaranta, muka shiga Narayi bakwai saura kwata. Na gode wa Allah, da Mama, da Madam mai citta wadda ban ko tambayi sunanta ba.