Silifar Liman a Motar Baba

Jama'a, yau na ga ta kaina a garejin Zongo.

Sati uku ina neman 'yan robobin da ke riƙe rele, wata 'yar na'urar wuta, a tsohuwar motar Baba, har babbar kasuwar Assigamé na zaga, babu. Gobe kuma da ita za a ɗauko Hajiyarmu daga filin jirgi. Kossi makanike ya ce robar silifa ma za ta yi. Na ce ya ɗauki tawa a ƙofar masallaci, na shiga azahar.

Muna fitowa, mota ta tashi lafiya lau. Silifata na nan. Ta Liman ce babu ƙafa ɗaya!

Liman ya leƙa injin, ya ce, "Ɗana, tunda takalmina ya riga ni shiga, kowace Juma'a ka zo ka ɗauke ni."