Ƙanena da Dutsen Jojiya

Ƙanena ya koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara ne a wani katafaren kanti a Dubai, inda ake zuba dusar da inji ya yi. Lokacin muna zaune tare a Al Nahda, ni ina aikin jinya, shi yana ofishin kaya a Jebel Ali. Da hunturu ya zo ƙarshe, sai ya ce shi da abokan aikinsa za su ƙasar Jojiya su hau dutsen gaske.

Ban so ba. Wata abokiyar aikina 'yar Nepal ta taɓa gaya mini cewa a garinsu wannan lokacin ake tsoro, don rana tana narkar da dusar sama, ruwa ya ratsa ƙasa, sai gangaren duka ya zaftaro lokaci guda. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, khalas, magana ta ƙare, an riga an sayi tikiti."

Tunda ya tafi zama ya gagare ni. Ko a bas nake, ina duba yanayin Jojiya a waya, in na ga zafi ya ƙaru a can sai in kira shi. Ana haka wayarsa ta daina shiga. Na share gidan, na sake sharewa, na goge kayansa da ke a goge. A asibiti ma na kasa tsayawa wuri ɗaya.

Da ya samu ya kira, muryarsa a sanyaye take. Ya ce ranar da wayarsa ta daina shiga, da safe jagoransu ya haƙa rami a dusar, ya cusa hannu ya ji ta ƙasan tana wargajewa kamar sukari, ya ce ba mai hawa. Suka yi ta musu da shi, ƙanena a kan gaba. Bayan azahar suna cin abinci suka ji ƙara kamar kwantena ta suɓuce ta faɗo. Dusar ta rufe hanya, ta tafi da turakun lantarki.

"Yaya, daidai inda za mu bi ne," in ji shi.

Na je filin jirgi na taro shi, fatar hancinsa duk ta saɓule saboda rana da sanyi. A tasi ya fara ba ni labarin wani kwas da ake koyar da gane lafiyar dusar ƙanƙara, wai baɗi zai yi. Na juya ina kallon titi.