Ni Na Ce Ta Ajiye Maganin Hawan Jini

A lokacin ni dillalin shanu ne da ake ji da shi tsakanin Rano da Kibiya. Ban yi boko ba, idona ne jarina: kallo ɗaya nake yi wa saniya in san lafiyarta. Wannan idon na shigo da shi gida, ya cuce ni.

Mai ɗakina ta yi fama da ciwon kai, aka auna ta a asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya yi mana misali da injin ban ruwa. Ya ce zuciya ce injin, hanyoyin jini su ne tiyo. In tiyo ya matse, injin zai yi ta turawa da ƙarfi har ya gaji ko tiyon ya fashe. Ya rubuta mata ƙwaya iri biyu: ɗaya tana sassauta hanyoyin, ɗayar tana fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa ta fitsari, kuma sha ne na kullum. Na gyaɗa kai, hankalina yana kasuwa.

Ciwon kai ya tafi. Sai dai in ta miƙe daga sujada jiri yakan ɗebe ta, ga yawan fitsari da ya hana ta riƙe alwala. Na dube ta yadda nake duban dabba: tana ci, tana tafiya, ido garau. Na ce mata ko saniya allurar kwana uku ake yi mata a ƙyale ta, ta ajiye ƙwayar nan. Ta yi dariya ta ce wato Alhaji yau ya sa ta a garke, to nawa aka taya. Amma ta bi maganata, don ba ta taɓa ganin idona ya yi kuskure ba.

Bayan 'yan watanni ta yanke jiki ta faɗi tana shanyar kuɓewa. Ɓarin damanta ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce da mun koma masa da zancen jirin, rage ƙwayar ko canja ta kawai zai yi. Da ta daina sha, jinin ya sake hawa ba tare da wata alama ba.

Yanzu ni nake ba ta magani kowace safiya. In na dawo kasuwa nakan zauna in ba ta labarin cinikin ranar, ina jiran tsokanar da ta saba yi mini, sai dai ta kalle ni.

'Yan'uwa, hawan jini ba ya nunawa a ido. In magani ya dame ku, ku koma wa wanda ya rubuta shi, kada ku ajiye. Ni da zan sake jin ta tambaye ni nawa aka taya, da na ba da garkena duka.