Waƙa ta Shida

'Yan bindiga sun ɗauke ƙanena a gonar dawa, ranar wata Laraba da hantsi. Ni ne mai gadi a ranar. Ina kan tsamiya, ƙarfe yana hannuna.

Ƙauyenmu yana yamma da Shanono, inda gona take manne da gona. Da can fari muke tsoro, sai tsuntsu in dawa ta nuna. Sai shekarun nan suka zo, mutanen daji suka fara tsallakowa a kan babura. Lokacin da kowa ya sunkuya yana aiki suke zuwa.

Don haka muka koma gayya. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, kuma kullum akwai mutum ɗaya da ba ya taɓa aiki. Zai hau bishiya da tsohon bakin garma da guntun ƙarfe. Dawa ta fi mutum tsayi, ido ba shi da amfani, kunne ne yake gadin. In ya ji babur ya buga, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya gudu. Ni aka fi ɗorawa, don an san ina da ji, kuma ba ni da surutu.

Waƙar kuwa, kuskure ne ya kawo ta. Ina da ƙaramin rediyo mai cin memori, ƙanena ya kawo mini daga cin rani. Ranar kasuwa na kai wa mai cajin waya ya zuba mini wa'azi da kiɗan noma. Da na dawo gida na kunna, sai na ji wata mata. Waƙa tara, duk ita kaɗai, da yaren da ban sani ba. Na ce kasuwa mai zuwa zan mayar masa. Kasuwa ta zo ta wuce, ban mayar ba.

Ban taɓa jin kiɗa irinsa ba. Babu kalangu, babu garaya, babu inda za ka ce hannun mutum ya taɓa fata. Na'ura ce duka. Akwai wani sauti kamar ruwa yana ɗiga cikin randar da ta kusa cika. Akwai wani dogo, kamar kukan wayar lantarki a bakin titi da tsakar rana. Bugun yana can ƙasa, ba ya gaggawa, kamar zuciyar bijimi in ka jingina kunne a haƙarƙarinsa bayan huɗa. Muryarta tana bisa duk wannan, siririya, ba ta ɗagawa. In ta faɗi kalma sai kalmar ta dawo sau biyu, sau uku, tana raguwa, kamar an yi magana a bakin rijiya. Mawaƙanmu kiranka suke yi, su yabe ka ko su zuga ka. Wannan ba ta san ina nan ba. Shi ya sa na so ta.

Ƙanena ne ya fara tsokanata.

"Yaya, wai me take cewa?"

"Ban sani ba."

"Wata biyu kana zance da mace ba ka san me take cewa ba? Inna, zo ki ji, Yaya ya yi amarya a cikin rediyo."

Mahaifiyarmu tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "In aljana ce, a gaya mata a gidan nan kowa yana surfe."

"Ba ta cin tuwo, Inna. Batir take ci."

Daga ranar sunanta ya zama aljana.

Waƙa ta shida na fi so. A tsakiyarta kiɗan yana ɗaukewa, muryar ta tsaya ita kaɗai, sai wani gurnani ya taso daga nesa yana ƙaruwa. Numfashi huɗu yake yi, na sha ƙirgawa. A na huɗun, daidai lokacin da za ka ce ya iso, sai ya mutu, ruwan ya ci gaba da ɗiga. Duk sanda ya mutu sai in ji kafaɗuna sun sauka. Abu ya taho, bai iso ba. A shekarun nan ban san wani wuri da ake yin haka ba sai cikin rediyon.

Zaman bishiya yana da tsawo. Wata rana na hau da rediyon a aljihu, na rage murya sosai. Rana ta yi zafi, hankalina ya tafi, na manta waƙa ta nawa ake. Na ji gurnani, na buga ƙarfe da dukan ƙarfina. Mutane suka watse. Wata tsohuwa da ta kawo fura ta saki ƙwaryar ta kife. Wani dattijo ya faɗa rami ya gurɗe ƙafa. Muka taru a ƙofar masallaci muna haki. Babu babur ko ɗaya. Da aka yi shiru, kowa ya ji matar tana waƙarta a aljihuna.

Mai unguwa bai ɗaga murya ba.

"Kai muka ba wa amanar kunnenmu, ka kai wa aljana."

"Na yi kuskure, Baba."

"Rediyon ya zauna a gida. In ka saba mana da ƙarfen banza, ranar da na gaskiya zai zo babu mai gudu."

Na yi mako biyu ina shan ba'a. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Angon aljana, yau a babur za ta zo ko a ƙasa?" Ƙanena ya fi kowa dariya. Shi ne kuma ya ɗauki aikin dattijon nan a kansa har ƙafar ta warke, bai ce mini komai a kai ba.

Ranar Larabar gonarmu ake yi. Tunda tamu ce, ƙanena ya ɗauki gefen da ba wanda yake so, can wajen kwari, inda aka riga aka sare aka kwantar, fili ya buɗe. Kafin ya tafi ya ɗago kai ya dube ni a kan tsamiya.

"Yaya, in amarya ta zo, ka ce ta jira mu gama wannan kunyar."

"Tafi ka yi aikinka."

Rediyon yana gida a rataye jikin ƙusa. Amma wanda ya ji abu wata uku ba ya bukatar rediyo. Tun safe tana cikin kaina, waƙa bayan waƙa, a jere yadda suke. Da hantsi ya ɗaga na kai ta shida. Sai na ji gurnanin.

Hannuna ya ɗaga da kansa, na tsayar da shi. Na tuna ƙwaryar fura da ƙofar masallaci. Na ce a raina, waƙar ce, bari ya mutu. Na ƙirga numfashi, yadda na saba. A na huɗu bai mutu ba. Ya rabu biyu, ya rabu uku, tsuntsaye suka tashi daga kukar bakin kwari.

Na buga. Na yi ta bugawa har bakin garmar ya fita daga hannuna. Kowa ya kutsa cikin dawar da ke tsaye, inda babur ba ya shiga. Daga sama ina ganin hular ƙanena, yana gudu a filin da aka sare. Masu baburan suka sha gabansa kafin ya kai dawar. Suka ɗora shi tsakanin mutum biyu, suka koma ta inda suka fito.

Daga baya na koma na auna wurin da ƙafata, daga inda hularsa ta faɗi zuwa bakin dawar. Taku goma sha biyu ne. Mai gudu yana cinye su cikin numfashi huɗu, har da saura.

Ba wanda ya zarge ni. Kowa ya san rediyon yana gida. Mai unguwa ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce ba don ni ba da an kwashe rabin gayyar. Matar ƙanena ce kaɗai ta tsayar da ni a zaure, goye da ƙaramarsu.

"Yaya, ka ji su da wuri?"

"Na buga ƙarfe."

Ta juya ta koma ciki. Ba ta sake tambaya ba.

An ce in sun ɗauki mutum sukan kira. Ƙanena ya haddace lambata. Muka jira kaka ta wuce, rani ya wuce, ba a kira ba. Sauran dawar tsuntsu ya ci. Da damina ta kusa, ba wanda ya gyara gona a gefen kwari. Matarsa ta koma gidansu a Minjibir da yaran. Inna tana wurin yayarmu, ta daina tambayar amaryata.

Na ɗauko rediyon daga jikin ƙusar ranar da zan bar gari. Na yi niyyar jefa memorin a rijiya, na tsaya a bakinta, na fasa. Matar ba ta yi mini ƙarya ba. Nata gurnanin yana mutuwa a na huɗu, jiya da yau. Ni ne na auna na waje da nata.

Har yanzu ina jinta, in ma'aikatan inda nake aiki yanzu sun tafi cin abincin rana. Wani mai kawo yashi da ya yi boko ya ce zai fassara mini, na ce ya bari. Ba na tsallake ta shida. In ta zo nakan ajiye abin da ke hannuna in ƙirga.

Yanzu ina gefen birnin Kano, ina gadin ƙofar wani gidan bulo. Ban canza lamba ba, kuma wayata ba ta rabuwa da caji.