Ranar da aka kwashe rumbunmu

Shekarun baya, ina sabon dawowa daga lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, maƙwabcinmu a wani ƙauye kusa da Gidan Sori ya fara sayar da esansi, man fetur ke nan, a gida. Daga Najeriya ake shigo masa da man a bido-bido, manyan jarkokin nan, ya ɗura a buteli ya jera a ƙofa. Ba na jin haushin kowa don ya nemi abincinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne inda ya zaɓa ya jibge bidon: jikin darnin karan da ya raba gidajenmu, daidai bayan rumbunmu.

Mahaifina ya rasu, ni ne babban namiji, don haka ni ke hawa rumbun in fito da dami. Ni da mahaifiyata kaɗai muka san abin da ke ciki. Daminar da ta wuce ta yi mana gardama, hatsin da ya rage ko gwiwata bai kai ba, shi muke ta lallaɓawa ya kai mu kaka. Babu wanda ya sani a garin, don kullum sai ta yi dakanta ta hura wuta kamar kowa, ko da kunu ne.

Ga 'yan kabu-kabu suna tsayawa shan mai, wasu har da taba a baki. Na sami maƙwabcin na gaishe shi cikin ladabi, na ce, "Baba, don Allah a janye bidon ga daga jikin darni. Tartsatsi guda ya ishe mu."

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Gobara ai sai da ƙaddara, yaro. Ko lakol ta ce muku ba haka ba?"

Mahaifiyata ta ce in bar maganar. Ina, ni mai ilimi! Na wanke riga na tafi wajen mai gari, ina ta haddar jawabi a hanya, har da 'yar Faransanci ta tsoratarwa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Sana'atai ce, da ita shika ciyar da iyalinai. Rumbu kuwa ba shi da saiwa. A yi gayya a maida shi gabas, ku yi haƙuri."

Ku ji fa. Rumbun da ke wurin tun kafin a haife ni shi zai tashi, bidon jiya ya zauna. Kuma wanda aka yi wa gayya shi ke ciyarwa. Daga wannan ɗan hatsin mahaifiyata ta auna na tuwon mutane.

Ranar gayya maza suka cika gidan. Ba a ɗaga rumbu da kaya a ciki, sai an kwashe. Suka yi layi daga gindinsa har zuwa inda za a jibge dammunan, don a riƙa miƙawa hannu da hannu, kamar yadda ake yi wa kowane gida. Na hau, na shiga, na fara miƙowa. Damin farko bai daɗe da isa hannun na ƙarshen layi ba na leƙo na ce, "Ya ƙare."

Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya shiga gyaran hularsa. Sai ga muryar maƙwabcin nan daga bayan darni, mazurari a hannunsa: "Ashe a kan ɗan wanga anka tada gari?"

Da aka sauke tuwo kuma ya zagayo ya wanke hannu, shi da bai taɓa ko sanda ba.

Daga baya ya kwashe bidonsa ya koma bakin hanya, don can motoci suka fi tsayawa. Ba don mu ba. Ya daɗe da barin sana'ar ma, muna gaisawa, amma wallahi har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Shi ya kawo barazanar, mu aka ba haƙuri, mu muka ciyar, mu aka tona wa asiri.

Hatsin bai ƙone ba, ya kai mu kaka, don tun washegari matan unguwa suka fara aiko da tsaba a kwano, a rufe da faifai. Na san da alheri suka yi. Kowane kwano sai mahaifiyata ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. Sannan ta shige ɗaki ta saki labule, in daɗe ban ji motsinta ba.