Bassu Mai Aski da Zakaran Lalla Tuda

A ƙauyenmu, can kan duwatsu saman garin Khenifra, idan ka ga mutum cikin watan Afrilu yana yawo da rabin kai a aske, ba sai ka tambaya ba. Ƙwari sun tashi a kogi, Dadda Bassu ya ajiye aska ya tafi kamun kifi.

Bassu ne mai askinmu tun ina saurayi. Gajere ne mai kaurin wuya, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk suna birnin Meknes. Duk tsawon sanyi mutum ne kamar kowa. Amma da zarar ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa, ruwa ya sauko yana kumfa, sai idonsa ya koma taga. Ni kaina ya taɓa barina da sabulu a gemu, ya ce, "Haddu, riƙe min nan, yanzu zan dawo." Kunnena ya ba ni in riƙe. Sai la'asar na sake ganinsa.

Kifin da yake bi shi ne turwit, mai ɗigo-ɗigon ja, wanda ba ya zama sai a ruwan sanyi. Bassu ba ya sa tana a ƙugiya kamar sauran bayin Allah. Zama yake da zare da gashin tsuntsu ya ɗaura ɗan ƙwaron ƙarya, ya shiga ruwa har cinya, ya yi ta kaɗa doguwar sandarsa a iska har ƙwaron ya sauka a kan ruwa. In kifi ya cafka, ya jawo shi a hankali, ya cire ƙugiya, ya tambaye shi mutanen gida, ya sake shi. Shi ba ya cin kifi. Wai ƙarni.

Maƙwabciyarsa Lalla Tuda, mai saƙar darduma, ita ma mijinta ya rasu. Tana da wani zakara mai gashin wuya ruwan toka, launin ƙwarin kogi sak. Ranar da Bassu ya gan shi a kan katanga, sai da ya yanki liman a haɓa yana masa aski.

Ya je ya ce ta sayar masa.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Shi kaɗai ne namijin da ya taɓa tashi da wuri a gidan nan."

"To ko gashi biyu, 'yar'uwa."

"Je ka cire a gemunka."

Sai Bassu ya fara zuba sha'ir a gindin katanga. Zakara ya saba da shi. Yau gashi ɗaya, gobe uku, kafin wata ya ƙare wuyan zakara ya koma na ungulu. Tuda ta ɗauka kambun baka ne, ta yi masa hayaƙi, ta ɗaura masa laya a ƙafa. Ana haka wata safiya ta gamu da Bassu a lungu, cikinsa ya yi tulu a ƙarƙashin jallabiya. Suna tsakiyar gaisuwa jallabiya ta yi cara.

"Dadda Bassu, lafiya?"

"Ciki ne, Lalla. Wake na ci."

Jallabiya ta sake yin cara, ta kuma fito da ƙafa mai laya.

Maganar ta kai gaban dattawa a ƙofar masallaci. Tuda ta ɗora zakara a tsakiya, kowa ya ga wuyan. Bassu bai yi musu ba, sai ma ya shiga bayanin yadda gashin ke tsayawa a kan ruwa ba ya nitsewa. Tsoho Zayid, mai garinmu, ya gaji da saurare, ya ce cikin raha, "Kai Bassu, in kana son zakaran nan haka, ka auri uwar gidansa mana, mu huta."

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Bassu ya dubi zakara. Tuda ta dubi Bassu tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Yana da rufin da ba ya yoyo. Na yarda."

An yi biki bayan girbi. Aka buga ganguna, maza da mata suka jeru kafaɗa da kafaɗa ana rawa, aka fito da manyan akusan kuskus. Ina gefen ango. Ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce bai taɓa cin nama mai daɗin wannan ba. Can ya waiga ya ce da amarya, "Ina mutumin nawa? Ban ji muryarsa ba yau."

"Ga cinyarsa nan a hannunka," in ji Tuda. "Wa zai shiga gidan miji da zakara mai sanƙo? A yi da ni a gari?"

"Gashin fa?"

"Na zuba a murhu."

Bassu ya fashe da kuka. Baƙi suka ce kai, ba a taɓa ganin angon da ya yi murna haka ba, mata suka ƙara guɗa.

Da ƙanƙara ta sake narkewa, Bassu ya ƙi zuwa kogi. Ya zauna a shago fuska a murtuke, yana yi wa mutane ƙwal-kwabo ko ba su nema ba. Tuda ta jure har ta gaji. Wata rana ta shigo shagon, ta watsa masa guntayen jan ulun darduma a cinya.

"Tashi ka ɗaura ƙwaronka da wannan. Na gaji da nishinka."

"Tuda, kin taɓa ganin jan ƙwaro a kogin nan?"

"Kifin makaranta ya yi?"

Don ya kunyata ta ya ɗaura, ita kuma ta bi shi don ta gani da idonta, da kaskon suya da man zaitun a kwando. Jifa na farko kifi ya cafka. Bassu ya jawo shi, ya gaishe shi, ya sake shi. Tuda ta ƙwala ihun da ya sa birai suka watse daga kan itatuwa.

"Abincin rana ka saki! Kai, dawo nan, ɗan banza!"

Da kifin take.

Tun daga ranar, duk shekara tare suke zuwa. Ita ta hura wuta a bakin ruwa ta ɗora kasko, shi ya kama ya saki, ita ta zage shi ta zagi kifin, a ƙarshe su soya ƙwai su sha shayi. Yanzu idon Bassu ya yi rauni, ita ke zura masa zare a ƙugiya. Bara na wuce su, na iske ta tsaye a kan dutse tana nuna masa wani gurbi da ludayi.

"Can, bayan farin dutsen! Babba ne. Jefa a hankali, tsoho, kada ka firgita min shi."

Na ce, "Lalla, wannan za a ci?"

"Wannan?" Ta harare ni. "Wannan ai mun san shi."